Fim ɗin yaron da aka manta a gida: a sa wa ƙananan yara ko a bari?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. An ba yara hutun ƙarshen shekara, gidan ya cika, har da 'ya'yan yayata da suka zo daga Zariya. Babbansu ɗan shekara 11 ya ishe ni da naci, sai na sa musu Home Alone, wai duk Disamba ake nuna shi. Ni tun ina sakandare rabona da shi, abin da na riƙe kawai ɓarayi biyu ne da suka sha wuya muna ta ƙyalƙyala dariya. To amma cikin yaran akwai Ilham 'yar shekara 4, da ɗan yayata mai shekara 6, kuma falo ɗaya ne, talabijin ɗaya. In na kunna kowa zai kalla. Waɗanda suka gan shi kwanan nan, me kuka ce?

Baban Khalifa: Wa alaikumussalam. Hajiya sa musu kawai. Fim ne na 1990, babu tsiraici, babu rungume-rungume, babu jini. In aka hana wannan, me ya rage? Mu da muka tashi muna leƙen finafinan Chanis ta tagar maƙwabta, ga mu nan lafiya lau da iyalinmu.

Anti Ladi: Mu a gidanmu a Jos kusan kowace Kirsimeti sai an kalle shi, har na haddace. Ɗan shekara 11 ba matsala, zai more. 'Yar shekara 4 kuwa a'a. Kuma abin da zai dame ta ba ɓarayin ba ne. Farkon fim ɗin ne. Yaro ya tashi da safe, ya sauko, ya kira mama shiru, ya kira baba shiru, kowa ya tafi. Babba ya san wasa ne, ya san uwar za ta dawo. Ƙaramin yaro abin da ya gani shi ne ashe uwa na iya hawa jirgi ta bar ɗanta. Ƙaramata da ta gan shi tana ƙarama sosai, kwana da kwanaki ko banɗaki na shiga sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kirana.

Maman Ilham: Anti Ladi, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ilham ko kasuwa zan je sai na yi saɗaf-saɗaf na fice.

Baban Khalifa: Ai uwar ta dawo a ƙarshe, sun rungumi juna. Darasi ne ma mai kyau.

Anti Ladi: Ta dawo bayan fiye da awa ɗaya da rabi, Baban Khalifa. Wace 'yar shekara 4 ce za ta riƙe zaren labari tun daga farko har can? Ko ta yi barci a tsakiya, ko ta tashi ta tafi wasa. Sai ta kwana da farkon, ba ta ga ƙarshen ba.

Nas Hauwa: Bari in tuna muku abin da ke cikin rabin awar ƙarshe, don dariya tana sa mutum ya manta. Yaron, Kevin, shekararsa 8 a labarin. Ya zuba ruwa a matakala ya daskare, ɓarayin suka yi ta zamewa suna faɗuwa da baya. Ya ɗaure dutsen guga a sama, ɗayan ya ja igiya ya faɗo masa a fuska. Ya kafa ƙusa a matakala da ya shafe da kwalta, mutumin ya taka ta ba takalmi. Ya gasa mariƙin ƙofa har ya yi ja, ɗayan ya damƙa. Ya saita abin hura wuta irin na masu walda, yana buɗe ƙofa wuta ta kama masa kai. Ga gwangwanayen fenti da ya ɗaure da igiya ya sako daga bene suka daki fuskokinsu. Ga bindigar iska da ya harbi ɗaya a goshi, ɗaya a gaba.

Ni aikina jinya ne. Gwangwanin fenti cike ya taho daga bene ya sami mutum a fuska, ƙashin fuska ne zai farfashe, in ma ya rayu. Wuta a fatar kai na wannan tsawon lokaci, maganar dashen fata ake. Amma a fim ɗin sai mutum ya yi ihu, ya tashi, ya karkaɗe jiki ya ci gaba. Kuma ku duba kayan: dutsen guga, ƙusa, igiya, ruwa, wuta. Wanne ne babu a gidajenmu? Ga shi lokacin sanyi ne, gawayi a kasko, ruwan zafi a kan risho, fetur ɗin janareta a jarka a bayan ƙofa. A wannan watannin muka fi karɓar yaran da suka ƙone ko ba fim.

Sadiq Ɗan Birni: Anti Nas, da wannan lissafin ai Tom and Jerry ya fi shi muni. Tun 1940 mage da ɓera ke dukan juna da guduma da nakiya, kuma ba gidan da ba a kallo.

Nas Hauwa: Sadiq, zane ne. Ko ɗan shekara 5 ya san mage ba ta lanƙwashewa kamar tabarma ta miƙe. Wannan kuwa mutane ne na gaske, cikin gida na gaske, kuma mai yin abin yaro ne ɗan uwansa.

Malama Binta: Ina koyarwa a firamare, ajin ƙanana, kuma ina tare da Nas Hauwa a nan. Akwai wani tsohon gwaji da ake koya mana a darasin halayyar yara. Albert Bandura ne ya yi shi a Jami'ar Stanford a 1961. Yara 'yan shekara 3 zuwa 6 suka ga babba yana dukan wani ɗan tsana na roba da ake hura wa iska, da aka bar su da shi sai da yawa suka kwaikwayi dukan, har da irin salon. Daga baya ya maimaita da hoton fim maimakon mutum a gabansu, sakamakon ya yi kama. A wani zagayen kuma, yaran da suka ga an hukunta mai dukan sun rage kwaikwayo. To a wannan fim ɗin wa ke yin dukan? Jarumin. Me ya samu? Tafi da dariyar duk wanda ke falon, har da iyayen mai kallo.

Sadiq Ɗan Birni: Malama, da girmamawa, ɗan tsanan nan don a doke shi aka ƙera shi, in ka ture shi ya dawo tsaye. Yaro ya doki abin wasa ba shi ne ya doki ƙaninsa ba. Masana kansu har yau suna jayayya kan ko kallo na mayar da yaro mugu.

Malama Binta: Ban ce zai zama mugu ba. Na ce zai gwada. Bambancin da yawa. Yaron da ya ɗora bokitin ruwa a saman ƙofa don yayarsa ta jiƙe ba mugunta ce ta sa shi ba, so yake a yi dariya kamar yadda aka yi a falo. Bai san nauyin bokiti ba ne kawai. Duk lokacin da aka dawo hutu, a filin tara nake gane abin da aka kalla a gidaje.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Kowa na maganar duka da wuta, ba wanda ya yi maganar baki. Ku koma minti ashirin na farko. Yadda yaran gidan ke zagin junansu, yadda kawunsu ya zage shi a gaban kowa, sannan yadda shi yaron ya tsaya ido cikin ido da mahaifiyarsa, ya kira ta da kalmar raini, ya ce ba ya son sake ganin kowa a cikinsu. Mu da aka ce mana a Suratul Isra'i ko "uf" kada mu ce wa iyaye. Yaro ya fi saurin ɗaukar magana a kan ɗaukar tarko, don magana ba ta buƙatar igiya da fenti.

Sannan fim ne na Kirsimeti, da waƙoƙinta da shiga coci. Kowane uba ya san abin da yake so ɗansa ya saba da shi.

Anti Ladi: Allah ya gafarta Malam, a kan bakin yaron nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Mu ma a Littafin Fitowa an ce ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka, kuma duk sanda aka zo wurin nan sai na dakatar da fim ɗin na ce wa nawa, duk wanda ya gwada min wannan zai gane kurensa. Maganar Kirsimeti kuwa, in gaya maka gaskiya ni ban ga ibadarmu a ciki ba sai ɗan kaɗan. Bishiya ce da kyaututtuka da dusar ƙanƙara, al'adar Amurkawa. Wurin cocin ma hira ce tsakanin yaron da tsohon maƙwabcinsu, wanda ya yi shekaru ba ya magana da ɗansa, yaron ya ba shi shawara ya kira shi su shirya. A ganina nan ne wuri mafi kyau a fim ɗin gaba ɗaya. Amma gidanka ne, kai ka san abin da za ka bari ya shigo.

Malam Sani: Na gode Anti. Maganar sada zumunci kam ba wanda zai ƙi ta. Ni dai nawa ba za su kalla ba, amma ban ce na kowa ba.

Baban Khalifa: Ai yaron ya yi nadama daga baya, ya roƙi a dawo masa da 'yan gidansu. Ku riƙa faɗin duka biyun mana.

Malama Binta: Ya yi. Ɗan shekara 11 zai haɗa rainin farko da nadamar ƙarshe ya ga darasi. Ɗan shekara 6 zai ɗauki kalmar ya ajiye ta sai ranar da aka hana shi wani abu.

Yaya Abdul: Ni ina Ingila da iyali, bari in ƙara abu ɗaya kan alamar da ake sa wa finafinai, don mutane na ganin PG su ɗauka ana nufin na yara. A Amurka alamar kowa da kowa ita ce G. PG na nufin iyaye su duba tukuna, akwai abin da ƙila bai dace da ƙanana ba. Home Alone PG ne, ba G ba. A nan Ingila ma PG aka ba shi, kuma hukumar tace finafinai ta nan ta fayyace cewa ma'aunin PG shi ne kada ya tayar da hankalin yaro mai kimanin shekara 8 zuwa sama. Wanda suke ganin ya dace da ɗan shekara 4 alamar U suke ba shi. Wato su kansu masu tace fim ɗin ba su ce na 'yar shekara 4 ba ne. A Najeriya ma hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana da G da PG da 12 da 15 da 18, sai dai wa ke dubawa? Fim ɗin da aka tura maka a waya a shagon caji ba ya zuwa da alama.

Sadiq Ɗan Birni: Ni abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda aka manta shi. Mutum 15 a gida, wuta ta ɗauke da dare agogo bai kaɗa ba, aka makara, wajen ƙirga yara aka ƙirga da ɗan maƙwabta. Sai da jirgin Faris ya tashi uwar ta tuna. Wallahi wannan ko a bikin gidanmu zai iya faruwa. Bambancin kawai, a unguwarmu kafin azahar maƙwabta uku sun aiko masa da abinci, wata tsohuwa ta ɗauke shi, fim ya ƙare a minti goma.

Maman Ilham: Sadiq ka ba ni dariya. An taɓa barin ƙanina a gidan biki yana barci a bayan buhunan shinkafa, sai da aka isa gida aka ga babu shi.

Umman Yusra: Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku dariyar. Mu daga wani ƙauye a yankin Zamfara muka dawo Gusau, kuma kun san dalili. 'Ya'yana sun san ƙarar bindiga da dare, ba a talabijin ba. A wurinsu mutum biyu suna zagaya gida suna taɓa ƙofa ba abin dariya ba ne. Akwai ma wani wuri da yaron ke kunna tsohon fim na 'yan daba, ana ɓarin harsashi, ya haɗa da nokawut a tukunya don ɓarawon ya ɗauka harbi ake. Babbana ko nokawut ɗin unguwa aka fasa sai ya shige ƙarƙashin gado.

Abu na biyu ya fi damuna. Me fim ɗin ke koya wa yaro ya yi in ɓarayi sun zo? Ya tsaya ya yi faɗa da su. Yaron nan ya ji da kunnensa ƙarfe nawa za su zo, ya zauna da babba a coci, bai gaya masa ba. Sai can ƙarshe ya kira 'yan sanda. Kuma duk da tarkunan, sun kama shi, sun rataye shi a jikin ƙofa, ɗayan na shirin cizon yatsunsa, sai da tsohon nan ya zo ya buge su da shebur. Ɓarayin da muka sani ba sa zamewa a kan motar wasa. Ni abin da nake koya wa nawa shi ne ka ɓuya, ka yi shiru, in ka samu hanya ka gudu gidan maƙwabta.

Anti Ladi: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Umman Yusra. Mu ma a Filato mun san wannan tsoron.

Baban Khalifa: Amin. Wannan kam ba ni da ta cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma Hajiya da ta yi tambaya ba ta ce yaranta sun ga irin wannan ba. Kada mu mayar da kowane yaro kamar ƙwai. Ɗan tsoro kaɗan a wuri mai aminci, kana jikin uwarka, ai shi ke koya wa yaro jarumta.

Baba Dattijo: 'Ya'yana, na karanta duka. Baban Khalifa yana da gaskiya a wani ɓangare. Mu ma ba da labarai masu laushi aka raine mu ba. Gizo maƙaryaci ne, maci amana, sau nawa ya sa aka hallaka kura ko ya cuci Ƙoƙi, muna dariya? Dodo kuwa cinye mutane yake. Kuma yaro na son ya ga ƙarami ya kayar da babba da wayo, shi ya sa Gizo bai mutu ba har yau, shi ya sa kuma wannan fim ɗin ya yi kasuwa.

Amma ku tuna wa ke ba da tatsuniyar. Kaka ce, kana zaune a gabanta, tana kallon fuskarka. In ta ga idon ƙaramin ya cika da ƙwalla sai ta rage wa Dodo haƙora, ta jefa waƙa, ta gaggauta ceto yarinyar. In manya ne a gabanta ta ƙara gishiri. Ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san an fita daga labari an dawo duniya. Talabijin ba ya kallon fuskar kowa. Abin da zai nuna wa ɗan shekara 11 shi zai nuna wa 'yar shekara 4, da ƙara ɗaya. In za a sa, sai wani ya zauna ya yi aikin kakar, da rimot a hannu. In kuwa nufin a kunna ne a shiga kicin a samu sararin girki, to wannan ba fim ɗin da za a bar wa yara ba ne.

Maman Ilham: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya nufina kenan, in kunna in samu in yi aiki.

Malama Binta: Ba ke kaɗai ba ce, duk muna yi. In dai za ki zauna da manyan, ga abin da na ga yana aiki: ki gaya musu yadda aka yi abin. Faɗuwar nan ƙwararru ne aka ɗauka haya suke yi a madadin jaruman, ƙusar ta roba ce. 'Yan shekara 9 zuwa sama suna son irin wannan bayanin, yana ma ƙara musu daɗin kallon, kuma yana cire musu tunanin cewa abu ne da ake yi a tashi lafiya. Ƙanana kuwa bayani ba ya shigarsu. Su abin da ido ya gani ne: murhun ɗumama gida a ɗakin ƙasa da ke buɗe baki kamar dodo, tsohon da aka ce yana kashe mutane, ƙaton tautau a fuskar mutum yana kurma ihu.

Sadiq Ɗan Birni: Tautau ɗin kam na gaske ne, an ɗora wa Daniel Stern, wanda ya fito a matsayin ɗaya daga cikin ɓarayin, a fuska. Ni da girmana ba zan yarda ba ko nawa za a biya ni.

Nas Hauwa: Ƙari a kan na Malama: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a gaban allo a yini. Fim ɗin nan minti 103 ne. Ko da babu komai a cikinsa ya yi wa Ilham tsawo. Kuma don Allah in sun ce a sa na biyun, na 1992 da aka yi a New York, ki sani ya fi na farko zafi. Bulo ake jefowa daga saman bene a kan mutum, ana jona shi da lantarki har ana nuna ƙwarangwal. Yara kuwa da sun gama na ɗaya na biyu za su nema.

Baban Khalifa: To ni na sauko zuwa nan: 'yar shekara 4 a bari. Amma ɗan shekara 6 namiji, a cikin yayyensa, ku bar shi ya kalla. In aka kore shi shi kaɗai, wannan kukan ya fi na fim ɗin.

Malama Binta: Namiji ko mace ba shi ne ma'auni ba. Ina da 'yan shekara 6 a aji da ba abin da ke girgiza su, ina da waɗanda in an rufe ƙofa da ƙarfi sai sun firgita. Maman Ilham, yaya yake? Yana kwana shi kaɗai? Yana yawan kwaikwayon abin da ya gani?

Maman Ilham: Kwaikwayo kam ba a magana. Jiya na same shi ya ɗaura zanina a wuya zai diro daga kan kujera.

Nas Hauwa: To ki ɗauke dutsen guga daga inda hannunsa zai kai, ko an kalla ko ba a kalla ba.

Umman Yusra: Kuma ba ɗanki ba ne, ɗan yayarki ne. Amana aka ba ki. Ki kira ta ki tambaya, ita ta san abin da ke hana shi barci.

Maman Ilham: Na kira Yaya yanzu. Ta ce babban ya kalla, ƙaramin kada a kuskura, wai akwai abin da ya taɓa yi da ashana da ba ta gaya min ba. Don haka manyan uku za su kalla bayan isha'i in ƙananan sun yi barci, ni da Abban Ilham muna wurin. Saura yadda zan sa ɗan shekara 6 ya yi barci alhali ya ji ana ƙus-ƙus ɗin fim.

Sadiq Ɗan Birni: Ki ce wa babban in ƙaramin ya ji labari, an fasa. Za ki ga tsaro.

Anti Ladi: Ki rage ƙarar kuma. Ihun ɓarawon nan wajen tautau zai tashi unguwa, balle yaro a ɗaki na kusa.